Goggo Mai Hana Ruwa

Goggona ta ƙare ƙuruciyarta a cibiyar binciken iri, kuma aikinta hana shuka ruwa ne. Masanan kan jera tukwanen masara a wani dogon ɗaki mai rufin gilashi, ta yi ta ba su ruwa har su yi kore shar, sannan a ce ta rufe famfo. Waɗanda suka jure ƙishirwa ake ɗibar irinsu, sauran kuwa ita ke kwashe gawarsu.

Takan ce in ta shiga da safe, busassun ganyen sai su ɗauki motsi, alhali iska ba ta shiga ɗakin. Mukan yi dariya, mu ce zafin gilashi ne ya taɓa Goggo. Ita dai ba ta taɓa kurɓar ruwa a gaban shukokin ba.

Shekarar da damina ta ɗauke da wuri, irin nan ne ya cika mana rumbu. Kowa na sa wa masana albarka.

Bayan ta yi ritaya na kai ta gonar mijina, inda aka shuka irin nan na masara. An kwana ana ruwa, ƙasa ta jiƙe sharkaf. Tana bin kunya, sai na ga ganyen suna nannaɗewa ɗaya bayan ɗaya duk inda ta gifta, kamar a tsakiyar fari. Ta ɓangarena ko ɗaya bai motsa ba.

Ba ta ko waiwayo ba ta ce, "Bar su, 'yata. Jikokinsu ne, an ba su labarina."