Sifikun Yaya da Kunnena na Hagu

Akwai wata Juma'a da na san ko tsufa ya ɗauke mini komai, ita ba zai ɗauke ta ba. Shekaru sun ja, amma har yau tana nan a raina kamar jiya.

Lokacin ban daɗe da gama sakandare ba, ina zaune gida a Gagarawa. Yayana, mai gyaran waya a kasuwar Maigatari, ya dawo da kwalaye ɗaure a bayan mashin. Sifiku ne ƙanana, da wata ƙatuwa guda. Ya ɓata safiya yana kafa su a ɗakinsa, wasu gaba kusa da talabijin, wasu baya can saman bango, ƙatuwar kuma a ƙasa. Inna ta leƙo ta ce, "Kai kuwa, sifika ɗaya ba ta ishe ka ba? Gidan biki za ka buɗe mana?"

"Inna, ba ƙara ake nema ba," in ji shi. "Kowacce da aikinta. In fim ne, abin da ke bayan mutum a bayanki za ki ji shi. In kiɗa ne, mai kalangu yana nan, mai goge yana can, ke kina tsakiya."

Bayan la'asar ya tara mu, ni da Inna da ƙanwata, ya zaunar da mu a tsakiyar tabarma, ya kunna wani fim. Ana ruwan sama a ciki. Ƙanwata ta ɗaga kai tana duban rufi, wai ko kwano ne ke yoyo. Can aka buga ƙofa a fim ɗin, sai Inna ta waiga hagu da sauri ta ce, "Wane ne? A shigo mana!" Suka fashe da dariya, ita ma ta dara tana cewa wannan abu sihiri ne.

Ni ban yi dariya ba. Na ji ruwan, na ji bugun, amma duk a dunƙule suke zuwa mini ta wuri guda, kamar rediyon Baba. Na ce, "Yaya, an cuce ka. Ni ban ji wani bambanci ba."

"Ke dai hassada," ya ce. "Rufe ido." Ya sa kiɗa. "Nuna mini inda kalangu yake."

Na nuna dama.

"Gogen fa?"

Na nuna dama.

Ƙanwata ta kwanta tana dariya. Ya sauya waƙa ya sake tambaya, na sake nuna dama. Da na buɗe ido na ga shi ya daina dariyar. Ya rage sauti, ya matso ya ce a hankali, "Toshe kunnenki na dama da yatsa."

Na toshe. Wallahi sai ɗakin ya mutu. Ina ganin bakin Inna yana motsi, ina jin rawar ƙatuwar sifikar a ƙarƙashin tabarma, amma kunnena na hagu babu komai a cikinsa sai wani shuu mai nisa. Na cire yatsa, na mayar, na cire, kamar zan kama shi yana ƙarya. Ban san lokacin da na fara ihu ba.

A bazarar da ta gabaci wannan Juma'a kunnen nan na hagu ya yi mini ciwo mai hana barci. Goggo, yayar Baba, ta narka man shanu da tafarnuwa tana ɗiga mini da ɗumi. Bayan 'yan kwanaki ruwa mai wari ya tsiyayo, zafin ya ɗauke. Kowa ya yi hamdala, domin a gidanmu haka aka sani: in kunne ya tsiyaye, to ciwo ya fita. Ya ci gaba da zuba jefi-jefi, ina toshe shi da auduga. Daga baya aka fara cewa ana kira ina share mutane, boko ya sa mini girman kai. Ni kaina na yarda ko hankalina ne ba ya wuri ɗaya.

Yaya ya kai ni asibiti a Gumel, daga nan aka tura mu Kano. Likitan ya haska kunnen, ya gwada ni da wasu na'urori. Sannan ya ce ranar da zafin ya ɗauke, fatar cikin kunnen ce ta fashe, ruɓa kuma ta ci gaba da cin ciki a ɓoye. Zai tsayar da zubar, amma jin ba zai dawo ba. Goggo ta yi kuka har ta fi ni, ban kuma iya ganin laifinta ba, don da wannan man aka raine ta.

Abin da ba a gaya maka shi ne, kunne ɗaya yana jin ƙara amma bai san inda take ba. Wata rana a Maigatari motar shanu ta danna mini oda, na yi tsalle zan kauce, ashe gabanta na faɗa. Wata mai fura ce ta fizgo mayafina. Tun daga nan ba na tsallaka titi ni kaɗai. A taron biki nakan zauna ina murmushi, muryoyi duk sun cakuɗe mini, ana magana da ni ina waigen wani wuri. In kunnena na dama ya ɗan yi ƙaiƙayi, yini nake cikin fargaba, don shi kaɗai ya rage.

Da ina ɗauka sauti abu ne da ake ji kawai. Yanzu na san shi ke gaya wa mutum inda yake tsaye, wa ke bayansa, me ke tafe. Mai kunne biyu yana cikin wannan ni'ima tun daga farkawa har kwanciya, bai ma sani ba. Na kuma koyi cewa ɗaukewar zafi ba ita ce warkewa ba. In kunnen ɗanki ya tsiyaye, don Allah kada ki yi hamdala ki kawo auduga. Ɗauke shi ku tafi asibiti ranar.