Damin Bahaguwa

Harshe ake kiransa a gidan naɗin taba, har an manta ko yana da wani suna. Shekara talatin da huɗu aikinsa ɗaya ne: ya zauna a wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya a ƙarshen baranda, a kawo masa sandar taba, ya kunna, ya zuƙa, ya ba ta maki. Ba irin sigarin kanti ba ce mai takarda. Ganye ne zalla, naɗin hannu, kaurinta kamar babban yatsa, tsawonta ya kusa taƙi. Ganyen da ke ciki shi ne ciko, na waje mai sheƙi shi ne riga, ɗan guntun da ake rufe kai da shi kuma hula.

Da shara ya fara a gidan. Wata rana yana share bakin ɗakin ɗanɗano, hayaƙi ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa, sai ya ce, shi kaɗai, ai wannan ganyen ruwa ya taɓa shi a rumbu. Tsohon da ke kan kujerar a lokacin ya ji, ya buɗe ƙofa, ya karɓe tsintsiyar daga hannunsa. Tun ranar Harshe bai ƙara cin yaji ba, bai ƙara shafa turare ba. Matarsa ta yi shekara talatin tana ɗora tukunya biyu saboda shi. Ba ya haɗiye hayaƙi, a baki yake juya shi ya fesar, kuma idan ya fita ƙofar gidan aiki, shi da taba sai wata safiyar. Abokansa kan ce babu wanda ya kai shi ƙona taba a garin, amma ko ashana ba ka samu a aljihunsa.

Dokar gidan a fili take. Maki ɗari ne: goma sha biyar na kyan gani, ashirin da biyar na zuƙa, ashirin na cin wuta da toka, arba'in na ɗanɗano. Daga kowane dami mai sanda hamsin ake zaro ɗaya a kawo masa da lamba kawai, ba a faɗa masa hannun wa ya naɗa. Damin da ya kai casa'in sai a sa masa zoben zinariya, a jera a akwati, a haye teku da shi. Wanda ya tsaya a tamanin da wani abu, akwati ba zobe. Wanda ya gaza tamanin kuwa ya faɗi, ba a sayar da shi, ma'aikata ake bari wa, kuma mai ɗanɗano ne ke da zaɓin farko. Harshe bai taɓa ɗaukar ko sanda ɗaya ba.

'Yarsa ta fari ta shigo gidan tana da shekara ashirin da biyu. Da hagu take aiki, shi ya sa tun makon farko aka sa mata Bahaguwa. Ganyen riga biyu ake tsaga shi, ɓarin hagu kowa na gudunsa don yana juya wa hannu baya, ita kuwa shi take kwashewa. Saboda haka ko da lamba ko ba lamba, uban ya san sandarta: layin rigar yana hawa ta hagu, kuma idan ta liƙa hula sai ta danna da farcen ƙaramin yatsa, ya bar wani ɗan tsagi kamar jinjirin wata. Ita ba ta taɓa sa taba a baki ba. Takan ce, “Ni hannu, Baba harshe. Abin da na naɗa, sai ya faɗa mini nake sani.”

Shekara shida tana teburin gama-gari, wanda ake ɗanɗana aikinsa bayan wata ɗaya da naɗi. Shekara shida bai ba ta casa'in ba.

“Tamanin da bakwai kuma, Baba?” Takan leƙo ta tagar, takardar a hannunta. “Ko biron naka bai iya fara rubutu da tara ba ne?”

“A nan babu Baba.”

“To, ranka ya daɗe Harshe. Me na yi?”

“Kin matse wuya. Sai mutum ya ja kamar mai janyo guga daga rijiya.”

“Ganye ramewa yake yi idan ya kwana biyu. Ka ba ta lokaci, da kanta za ta saki.”

“Abin da ke bakina yau nake ba maki, ba abin da zai zo baɗi ba.”

“Wallahi da kai ne malaminmu a makaranta, da har yanzu muna aji ɗaya.”

Sai ta tafi tana dariya. Abin da ba ta sani ba, kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba, shi ne sau biyu lissafinsa ya kai casa'in cif a kan sandarta, sau biyun kuma ya koma ya sake tarawa har ya samu inda zai cire biyu. Tsoronsa kada a ce Harshe ya ga 'yarsa.

Akwai wani tebur a kusa da taga da ake kira teburin manya. Nan ake naɗa ganyen da ya fi kowanne, kuma damin da ya fito daga nan ba a taɓa shi sai ya yi shekara uku yana hutawa a ɗakin ajiya. Da tsohuwar da ke wurin ta ajiye aiki, mai gidan ya ce a ba Bahaguwa kujerar. Ya tambayi uban, uban ya ce a ɗan jira tukuna. Mai gidan bai jira ba. Ranar Talata ta hau teburin. Kafin azahar ta cika hamsin, ta ɗaure, ta ce kanta na sara mata, bari ta je gida ta sha magani. Ranar Juma'a aka fito da ita daga asibiti a rufe.

Harshe ya koma aiki bayan kwana goma, kuma makinsa bai karkace ba ko da ɗaya. Abu guda ne ya canza. Bangon ɗakinsa shi ne na zauren masu naɗi, yana jin ƙarar wuƙaƙensu a kan allo. Kowa da irin bugunsa. Nata uku ne a jere, sai ta ɗan tsaya, sai ɗaya. Wani lokaci yana tsakiyar aiki sai ya ji ukun, ya ɗauke numfashi yana jiran ɗayan. Ba ya zuwa.

Ranar da nake ba da labari, da hantsi, mai kula da ɗakin ajiya ya shigo da faranti. Makulli ake ce masa, tsarar Harshe ne, kuma kullum sai ya shigo da tsiya: gwiwa ta hana shi barci, Harshe kuwa ana biyansa don ya zauna ya yi hayaƙi kamar murhu. Yau kuwa babu tsiya. Ya ajiye farantin a hankali, sanda ɗaya a kai, da 'yar takarda mai lamba. Ya tsaya.

Harshe ya duba. Layin rigar yana hawa ta hagu. Bai ɗauka ba, ya juya ta da bakin biro. Ga tsagin farcen nan a kan hula.

“Shekara ukun ta cika?”

“Jiya.” Makulli ya share wuya. “Ni dai ban ce maka komai ba, lamba na kawo. Amma ka san doka. Dami in ya faɗi, ba ya fita gidan nan sai a hannun ɗan gida.” Ya dubi taga. “Mai gidan ma ya ce yau idonsa na ciwo, ba zai karanta takardarka ba.”

“Na ji.”

“Saba'in da takwas ma ai maki ne, ɗan'uwa.”

“Ja mini ƙofar.”

Ya daɗe yana kallon sandar. Arba'in da tara suna can a kan kanta, a ɗaure da igiyar da ita ta ƙulla. A gida ba abin da ya rage nata sai hotuna da wuƙar aikinta, tufafin duk uwar ta rabar. Zai iya sa damin a akwatin katako a saman durowa, ya riƙa sa masa ɗan ruwa a kofi don kada ya bushe. Duk ranar da abin ya taso, uwar ta buɗe ta taɓa inda yatsun 'yarta suka taɓa. Lamba biyu kawai zai rubuta, babu mai tambaya. Idan kuwa ta kai casa'in, gobe zobe, jibi mota, sai wasu mutane a wata ƙasa su ƙone su ɗaya bayan ɗaya suna hirar da ba ta shafe ta ba.

Ya kuskure baki da ruwa. Ya ɗauke ta, ya murza tsakanin yatsu daga ƙafa zuwa kai, ya kai kunne. Ba ta yi ƙara ba, ba ta lotsa ba. Rigar launin ƙasa mai duhu, da ɗan maiƙo, ba jijiya ko ɗaya da ta taso. Ya rubuta sha huɗu, don akwai wani ɗigo fari kusa da ƙafa. Ya sa almakashi ya yanke hular, ta faɗa cikin faranti.

Kafin wuta yakan zuƙa a bushe, a nan ne yake kama matsi. Ya shirya kumatunsa don ja, yadda ya saba da sandunanta.

Iska ta shigo da kanta.

Ya cire ta daga baki ya dube ta. Ya sake gwadawa. Ba ta toshe ba, ba ta kuma yi sakwa-sakwa ba, tana riƙe kaɗan, tana saki, daidai yadda ake so. Ya danna wuyan da yatsa, wurin da ya yi shekara shida yana cire mata maki. Ganyen ya rame, ya zauna.

Ya kunna siririn katako, ya gasa ƙafar yana juyawa, sannan ya zuƙa. Kashi uku yake raba sanda. Kashin farko ya zo da ƙamshin ƙasa idan ruwan fari ya sauka, da ɗan yaji a bayan hanci wanda bai daɗe ba ya kwanta. Wutar tana ci a zagaye, ba gefen da ya riga wani. Toka fara-fara, da layi-layi, ta yi tsawon gaɓa biyu ba ta faɗi ba. A kashi na biyu sai ga gasasshiyar gyaɗa, ga fata sabuwar jima, ga wani zaƙi can ƙasa kamar zumar da ta daɗe a kwalba. Ya nemi ɗaci, ya nemi ƙauri. Da gaske ya nema, ya riƙe hayaƙin fiye da yadda ya saba, ya juya shi kowane lungu na bakinsa, ko zai samu abin da zai kama ya ce ga shi. Bai samu ba.

Ta bango wuƙaƙe suna ta aiki. Wani ya buga uku a jere. Harshe ya tsaya da sandar a iska. Aka yi tari, aka ja kujera, wani ya yi dariya.

Kashi na uku shi ne inda sanduna da yawa ke tona kansu, su yi zafi, su yi ɗaci. Wannan ta ƙara nauyi ne kawai, ta koma ɗanɗanon kofi da itace, hayaƙin yana sanyi har kusa da yatsunsa. Ya ajiye ta a bakin faranti. Ba a murƙushe irin wannan, barinta ake yi ta mutu da kanta.

Zuƙa, ashirin da huɗu. Wuta da toka, sha tara. Ɗanɗano, talatin da shida. Ya tara. Ya sake tarawa daga ƙasa zuwa sama, ya ga hannunsa ya koma neman inda zai rage, aikin da ya iya. Sai dai yau ba biyu zai cire ba, sha biyar ne, kuma a ƙasan takardar akwai layin da aka tanada don dalili. Zai rubuta an matse wuya. Da wannan biron, a kan wannan sandar.

Ya sa bakin biron a takarda, ya fara da tara.

Da Makulli ya dawo ya karanta, sai ya zauna a kan benci, abin da bai taɓa yi ba a ɗakin.

“Casa'in da uku. Kai wane irin mutum ne? Ka san gobe za a sa musu zobe?”

“Na sani.”

“Ko ɗaya ba za a bari ba.”

“Na sani. Lambar mai naɗi da kuke bugawa a ƙasan akwati, ka tsaya a kai da kanka. Tawadar nan taku dishewa take yi.”

Makulli ya miƙa hannu zai ɗauki farantin ya kai shara. Harshe ya riga shi. Ya tsince hular da ya yanke, ɗan abu bai kai maɓallin riga ba, da tsagin farcen a tsakiya. Wannan ba ta cikin lissafin kowa. Ya naɗe ta a hankici.

Da la'asar ya isa gida. Matarsa tana kwashe shanya a tsakar gida, ta juyo za ta ce sannu da zuwa, sai ta ga ya tsaya a ƙofa bai cire takalmi ba. Ya buɗe hankicin a tafin hannunsa. Ta daɗe tana kallo. Ta sa ƙaramin yatsanta a kan tsagin, farcenta ya shige daidai.

“Ta ci casa'in da uku,” ya ce.

“Sauran fa?”

“Jibi za su tafi.”

Ba ta tambaye shi ko da akwai yadda za a yi su zauna ba. Ta zauna da mai aikin nan shekara talatin da wani abu, ta san dokar gidan kamar yadda ya sani.

“Ai ta faɗa maka,” ta ce.

“Ta faɗa.”

Ta karɓi hankicin. Sannan ta ce ya tuɓe rigar ya ba ta, kamar kullum, don warin taba. Ya ba ta. Ta kai ta fuska ta tsaya haka na ɗan lokaci, ga bokitin wanki a gefenta cike da ruwa. Ta ninke rigar a bushe ta shige ɗaki da ita.