Shitu a Ƙarƙashin Keken Ɗinki

Labari ya isa Kano wai Shitu ɗan gwaggona ya zautu a Guangzhou, kullum yana kwance ƙarƙashin kekunan ɗinkin mutane yana hira da ƙarfe. Gwaggo har ta sa an yi masa rubutun sha. A kwantar da hankali, ni da kaina na bi jirgi ta Addis na je na gan shi. Haukansa na gado ne, bai ƙaru ba.

Shekara goma sha biyu Shitu yana sayen tsofaffin kekunan ɗinki a unguwar Liwan yana aikawa gida. Duk ƙasar Sin babu keken da bai san kakansa ba. Rannan wani mai shago ya turo masa wata tsohuwa Bayahudiya daga Ostareliya, Madam Ilse. Iyayenta sun tsere wa kisan da aka yi wa Yahudawa a Jamus, suka fake a Shanghai. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu suka biyo ta Guangzhou za su ƙetare zuwa Ostareliya, tana 'yar shekara bakwai. Babanta tela ne. Kaya suka yi nauyi, ya ba wani mutumin gari ajiyar kekensa, bai sake dawowa ba. Keken ta zo nema, abin da ta tuna kawai, babanta ya zana tauraro da ƙusa a ƙarƙashinsa. Kwana shida suka rage mata a ƙasar, likita kuma ya ce daga wannan tafiya babu wata.

Shitu ya ce, "Iya, ki ɗauka an gama."

Sai rarrafe, shago-shago, da tumbi kamar buhun shinkafa. "Loban, maigida, ɗaga ƙafa!" Su ce, "Meyo, babu!" su kore shi. Wata ta kwaɗa masa silifas. A wani shagon ya maƙale, sai da ƙarti huɗu suka jawo shi ta ƙafa. Keke dubu tara ya leƙa. Shi dai ya ce tamanin ne.

Rana ta biyar, a gidan wani tsoho Lam, sai ga tauraro. Keken a lulluɓe, ya sha mai; uban Lam, wanda aka ba ajiyar, ya bar wasiyya kada a sayar. Madam ta murza shi a hankali, ta kira babanta da yarensu. Shitu ya ɓarke da kuka, ya fi ta ƙara, har Lam ya kawo masa shayi.

Na ce, "Ƙato da kai! Keken ubanka ne?"

Ya fyace hanci. "An riƙe amana shekara saba'in, dole in yi kuka. Kai kilishin da Inna ta ba ka ka kawo min ko Addis bai kai ba."