Dutsen Taimamar Hajiya

Ni ban je Italiya kallon kufai ba. Takalma muka je saye. Shekarata uku ke nan ina tsare wa Hajiya shagonta a Al Ras, ita ta yi min bizar zama a Dubai. Da za ta tafi wajen mai ɗinka mata takalman fata sai ta ce in raka ta, don an yi mata aikin ido, ba ta gani sosai. Likita ya hana ruwa ya taɓa fuskarta, taimama take yi. Tana da wani dutse mai santsi da take tafiya da shi ko'ina. Ni na haɗa kaya, ni na manta shi a kan firij.

Tsohon mai takalman bai bari mun sauka a otal ba. Gidansa ya kai mu, can ƙauye, cikin itatuwan zaitun. Matarsa har sabuwar tukunya ta saya saboda mu, wadda naman alade bai taɓa ba. Kwana biyu Hajiya tana fita bayan gida tana dafa ƙasa, tana dawowa tana min mita.

Ran Lahadi ba aiki, tsohon ya ce zai nuna mana garin mutanen zamanin da. Muka je. Ginshiƙai tsaye ba rufi, titin dutse, ciyawa ta ko'ina. Yana bayani da ɗan Turancinsa, nan kasuwa, nan gidan wanka, ni kuwa ina duba agogo. Na fito daga garin da bene ke tashi cikin wata shida, an kawo ni rana ina kallon rusau. Hajiya addu'a kawai take, wai kufai ba ya rasa masu shi.

Azahar ta yi. A gindin wani ɓaure na ga farin dutse, faɗinsa kamar tafin hannu. Na kaɗe shi na miƙa mata. Ta shafa ta ce, "Wannan ma ya fi nawa." Ta yi sallarta, na jefa shi a jakata.

Washegari matar gidan ta shigo da tawul, ta ga dutsen a kan taga, inda Hajiya ta bar shi bayan sallar asuba. Ta juya bayansa, ashe akwai sassaƙa kamar ganye. Ta ƙwala wa mijinta kira.

Ya ce, "A ina kika samo wannan?"

Na ce, "A ƙasa. Dutse ne fa, Baba. Garin nan me ya fi dutse yawa?"

Bai yi dariya ba. Ya zauna ya yi min bayani a hankali: ɗaukar ko tsakuwa daga wurin nan laifi ne. In aka gan shi a jakata a filin jirgi, 'yan sanda za su riƙe fasfona sai an je kotu. Bizar zamana saura kwana goma a sabunta. In ban koma Dubai kafin nan ba, khalas, shi ke nan, ba shago, ba aiki, sai Kano.

Na ce to a jefa shi rafi, wa ya gani? Ya ce shi ya gani. Mayarwa za mu yi.

Cikin mota Hajiya ta ce da Hausa, "Ke dai hannunki ya fi kanki sauri. In sun tambaya, ki ce ni na sa ki."

"Ba ke kika sa ni ba, Hajiya."

"Na sani. Ki faɗa dai. Tsohuwa mai ido ɗaya ba za su kulle ba."

Ni dai na riga na yanke cewa tsohon miƙa ni zai yi ga hukuma.

Mai gadin wurin wani ƙato ne mai gashin baki. Shi da tsohon suka hau magana da ƙarfi, hannuwa na tashi sama, ban tsinci komai ba. Can tsohon ya juyo ya roƙi Hajiya ta nuna abin da take yi da dutsen. Ta ɗora tafukanta a kai, ta shafi fuska, ta shafi hannaye, ba ta kula kowa ba. Mai gadin ya juyo gare ni. Ya ce in nuna masa inda na ɗauka. Allah ya taimake ni da ɓauren nan. Ya tsuguna ya duba gefen katangar, ya gwada dutsen a wani gurbi, ya zauna daidai. Ya rubuta wani abu a littafinsa, ya naɗe dutsen a hankici. Bai tambayi fasfo ba. Ko sunana bai tambaya ba.

Na koma gefe na zauna a kan wani guntun ginshiƙi. Mai gadin ya ɗaga min yatsa. Nan ma ba a zama. Na miƙe.

Da muka koma gida, matar ta ajiye wani baƙin dutse kusa da farantin Hajiya. Daga rafin bayan gidansu ta ɗauko, ta wanke shi da sabulu. Sau uku na sa tsohon ya tabbatar min ba wanda ya taɓa gina komai da shi. Hajiya ta shafa, ta sa a jakarta, ta ja zif.

Ta ce, "Wannan ni zan riƙe."

Saura kwana shida bizata ta ƙare na miƙa fasfona a Deira, can Dubai, don a sabunta.