Yatsun da Sabulu Ya Cinye

Shekara arba'in Iya mai wanki tana durƙushe gaban baho, har sabulu ya cinye zanen yatsunta, suka yi sumul kamar bayan cokali. Abin bai taɓa damunta ba sai da mijinta ya kwanta, likita ya ce sai an yi masa aiki, ta tafi banki ciro ɗan abin da ta tara.

Can ta tarar an sauya tsari. Babu sa hannu, sai ɗora yatsa a kan na'ura. Ta ɗora, jar wuta. Ta goge a zani ta sake ɗorawa, jar wuta.

"Iya, ki yi ta waya mana," in ji manaja, idonsa na kan kwamfuta.

"Ɗan nan, wayata kira kawai ta sani."

"To ni ya zan yi miki?"

Mutumin da ita ke goge masa riguna fa! Sau tara tana zuwa. Kafin na goma mijin nata ya cika.

Iya ta ƙullaci manaja, ƙulli ba na wasa ba. Rannan matarsa ta kawo kwat, ta ce a goge da wuri, manya za su zo daga hedikwata ranar Laraba. Iya ta goge tsaf, har da ƙarin sitaci. Sannan ta bi gida-gida: tsohon magini da siminti ya cinye wa hannu, maƙeri, mai wanke-wanken asibiti, duk wanda na'urar ta taɓa kora.

Laraba da safe suka cika layi, da sandunansu da kujerun roba. Kowa ya ɗora yatsa, jar wuta, ya koma baya ya sake bin layi. Manya suka shigo suka ga banki ya tsaya cak. Manaja sai zufa yake cikin kwat, kuma wallahi zufar nan ta yi wa Iya daɗi.

Shugabar baƙin ta ji ba'asi, ta dubi manaja. "Ina takardar da ake cika wa masu irin wannan matsala? Ba ta cikin durowarka?"

Tana ciki. Aka ciro, aka duba katin shaidar Iya, shaidu biyu suka sa hannu, aka gama.

Iya ta ƙi karɓar kuɗin daga hannun kowa sai nasa. Da ya miƙo, ta ɗaga murya yadda har mai gadi zai ji.

"Ɗan nan, ashe minti biyar ka hana mijina."