Bishiyar da na kawo wa Baba

Ni na sa aka sare darbejiyar ƙofar gidanmu a Dutse. Na ce saiwarta ce take tsaga katanga, amma gaskiyar magana raina ta na yi. Na je kwas na wata uku a ƙasar waje, na ga wata bishiya da suke kira mapul, ganyenta ja jawur a bakin titi, shi ke nan na dawo ina yi wa darbejiya kallon kayan ƙauye.

A gindin darbejiyar nan Baba yake wuni tun da ciwon ƙafa ya raba shi da gonarsa ta Buji. Nan ake shimfiɗa masa tabarma, nan abokansa suke samunsa bayan la'asar. Na yi masa alkawarin inuwar da ta fi wannan. Bai musa ba, ya dai tambaye ni ko bishiyar tawa ta san rana irin tamu. Na yi dariya, wai ni mai ilimi.

Da ƙyar na samo dashen wajen wani mai sayar da furanni a Abuja. Na haƙa rami kusa da kututturen darbejiyar, na zuba takin shanu, na kewaye da ƙaya saboda awaki. Safe da yamma ina ba ta ruwa. Baba ya koma zaure, inda zafin kwano yake sauka a kansa. Abokan nasa suka fara ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya, don wurin ba ya zaunuwa.

Da bazara ta kama, gefen ganyen ya soma ja. Murna ta cika ni, har hoto na ɗauka. Na kamo hannun Baba na fito da shi ya gani. Ya murza ganye ɗaya, ya ruguje a tafin hannunsa.

"Wannan ba ja ba ne, ƙuna ce," in ji shi. "Mai da ni ciki."

Kafin saukar ruwan farko bishiyar tawa ta zama sanda. Baba bai kai kaka ba. Ranar zaman makoki hayar rumfa muka yi, muka kafa ta daidai inda darbejiyar take, abokansa suna zaune suna fifita da hulunansu.

Kututturen ya yi toho da kansa, ba tare da kowa ya ba shi ko moɗa guda ta ruwa ba. Bana inuwarsa ta isa tabarma ɗaya. Har yau na kasa shimfiɗa ta.