Tukunyar da Sha'ibu Ya Ɗaura wa Motar Likita

Ranar da aka sauke tutar Faransa a Dogon Dutsi, likitan Nasara ya jefa wa Sha'ibu makanike mabuɗin motarsa, ya hau kamyo, babbar motar kaya, ya tafi. Wasu sun gaji kujeru a ranar, wasu gidaje masu rufin kwano. Sha'ibu ya gaji 'yar jar mota mai kujera biyu, cikinta na shafar ƙasa, wadda aka ƙera don samarin Turai su yi tsere a kan kwalta. Ita kaɗai ce kuma ɗakin shan magani ya mallaka don ɗauko mai naƙudar da ta gagari ungozoma.

Tun daga nan safiyarsa iri ɗaya ce. Ya idar da asuba, ya kurɓi koko, ya kwance wata baƙar tukunyar ƙarfe daga gaban motar, ya juye man da ke ciki, ya kankare laka da yatsa, ya zuba wani.

Motar ba ta zo da tukunya ba. Matatar iskar da aka yo ta da ita wata 'yar ragar waya ce mai faɗin tafin hannu, wadda ke iya tare kwarkwasa amma ba ta san rairayin Arewa ba. Zuwa biyu Gesheme, injin ya fara nishi kamar tsohon jaki. Sha'ibu ya naɗe ragar da ƙyallen rawani. Ƙura ta tsaya, iska ma ta tsaya, motar ta shaƙe tana fitar da baƙin hayaƙi. Sai ya ciro tukunyar mai daga gawar wata kamyon soja, irin wadda iska ke bi ta kan mai ta bar dattinta a ciki. Ta ƙi shiga ƙarƙashin murfin injin. Ya yanke murfin da kurfin yankan ƙarfe, maƙeri ya yi masa bututu, tukunyar ta zauna a waje kamar ƙusumbi. Wayar da ke cikinta ta riga ta ruɓe, don haka ya cusa gashin wutsiyar doki.

Gashin nan ya jawo magana. Mutum ya riƙa bin masu dawakai ranar kasuwa yana roƙon wutsiya, yana kuma yi wa baƙar tukunya hidima kafin rana ta fito, a Arewa ba a buƙatar wani ƙarin bayani. Gari ya yanke hukunci: Sha'ibu ya zaunar da doguwa a mota, yana ba ta abinci.

Ladidi ungozoma ta ce tana wurin ranar da wata tsohuwa daga Lugu ta tare shi da baƙar kaza.

"Ga ta uwargidan, ɗana."

"Wace uwargida, inna?"

"Kai dai amshi. Mu ba mu kiran suna."

"Inna, wagga mai ɗai taka sha."

"To, kowacce da abin da taka so," in ji tsohuwar, ta bar masa kazar.

Ya yi niyyar ƙaryata zancen a masallaci, sai ya lura da wani abu. Mazan da ke rantsuwa matansu ba za su shiga ƙarfen Nasara ba, yanzu da kansu suke tallabo su, tunda akwai mai tsaro a ciki. Wani Bello, makiyayi daga wajen Sukukutane, ya hana a taɓa matarsa har sai da ya ga tukunyar da idonsa, ya tsuguna ya gaishe ta. Matar na nan da ɗanta. Sha'ibu ya kama bakinsa. Kuɗin shirun, in ji masu iya magana, ba a aljihu ake biyansa ba: aka daina matsa masa a sahun gaba, maƙwabta suka daina karɓar tuwon gidansa.

Kai ne, Sha'ibu, ka ɗauki sunan matsafi don matan wasu su rayu. Na karanta littattafan Nasara masu yawa a kan jarumai, duk ban ga wanda farcensa ya yi baƙi kamar naka ba. Tawa matar, Mariama, ka kai ta Dosso da ranta, injin bai yi tari ko sau ɗaya ba. Abin da ya biyo baya ba aikin makanike ba ne. Na gode. Masu kujerun nan da suka gada, da kowannensu zai kankare lakar tukunyarsa kowace safiya, da 'yancin nan ya ɗan yi tafiya.

Yanzu yanar ido ta rufe wa Sha'ibu gani, an ce ya huta. An ba Habu mabuɗi, direba mai hankali da tsoron Allah, wanda ya rantse hannun da yake alwala da shi ba zai shiga tukunyar tsafi ba. In ya hango Sha'ibu sai ya sauya hanya. Ana cewa zai cire ta ya mai da ragar waya. In ya yi, damina ba za ta tarar da injin da rai ba, matan karkara kuma su koma bayan jaki.

Ranar sallamar an taru a ƙarƙashin itacen bedi, an yi jawabi da Faransanci, an ba shi riga. Sha'ibu ya miƙe, ya juya inda yake zaton Habu na tsaye, ya ce, "Ɗan'uwa, tukunyar nan..." Liman ya ɗaga hannu ya ja fatiha, jama'a suka shafa suka watse. Kashegari ɗiyar Sha'ibu ta tafi da shi Sukukutane.

Habu, in wani ya karanta maka wannan, ga abin da tsohon ya tashi faɗi: babu kowa a cikin tukunyar. Baƙin mai ne da gashin doki. Sa hannunka.